Yaushe Ne Ƙarshen? Tambayoyi da Amsoshi Kan Dawowar Almasihu da Alamun Ƙarshen Zamani

Duk sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, ko ƙasa ta girgiza a wani wuri, ko wata ya yi ja, sai tambayoyin nan su sake tasowa. Na tattara waɗanda aka fi yi mini. Ni mai bi ne, ina kuma da ra'ayina, ba zan ɓoye shi ba. Amma inda Kiristoci suka rabu zan faɗa cewa sun rabu, don kada mai karatu ya ɗauka abin da ya ji a bakin mai wa'azi ɗaya shi ne bangaskiyar kowa.

Shin Yesu ya faɗi ranar da zai dawo?

Bai faɗa ba. A Matiyu 24:36 da Markus 13:32 ya ce wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. Bayan tashinsa daga matattu almajirai suka sake tambayarsa ko yanzu ne zai mayar wa Isra'ila da mulki, ya ce musu sanin lokatai da zamanai ba nasu ba ne (Ayyukan Manzanni 1:7). Bulus ya ce ranar za ta zo kamar ɓarawo da dare. Ɓarawo kuwa ba ya aiko da saƙo.

Wasu sukan ce, "Ai rana da sa'a ya ce, bai ce wata ko shekara ba." Wannan wayo ne kawai. A sura guda ɗin ya ce zai zo a lokacin da ba ku zata ba.

To me ya sa ake ta samun masu sa rana?

Domin littafin Daniyel da Wahayin Yahaya cike suke da lambobi, shi kuwa ɗan Adam in ya ga lamba sai hannunsa ya yi ƙaiƙayin lissafi. Abin ba na yau ba ne. Tun ƙarni na 3 wani malami a Roma, Hippolytus, ya ce duniya za ta yi shekara 6,000, kowane dubu na madadin kwana ɗaya na halitta, ya ɗauka an haifi Almasihu a shekara ta 5,500, saura 500 ke nan. Shekara ta 500 ta zo ta wuce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne William Miller, manomi kuma mai wa'azi a jihar New York ta Amurka. Ba ɗan damfara ba ne, mutum ne da ya yi shekaru yana bin Littafi Mai Tsarki aya bayan aya. Ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14, ya ce kowane kwana shekara ce, ya fara ƙirga daga shekara ta 457 kafin haihuwar Almasihu, lissafi ya kai shi wajen 1843 zuwa 1844. Mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gona a tsaye ba su girbe ba, wasu suka rufe sana'a. Suka taru a gidaje da majami'u suna jira, rana ta faɗi, dare ya raba, shiru kake ji. Ɗaya daga cikinsu, Hiram Edson, ya rubuta daga baya cewa sun yi ta kuka har gari ya waye. Daga cikin waɗanda suka rage ne ɗarikar Adventist masu kiyaye Asabar ta fito, aka kafa ta a hukumance a 1863.

Bayansa an yi ta yi. Shaidun Jehobah sun sa rai a 1914, da 1925, da 1975. A Koriya ta Kudu wata ƙungiya ta ce 28 ga Oktoba, 1992. Harold Camping, injiniya mai gidan rediyo a Amurka, ya ce 1994, ya dawo ya ce 21 ga Mayu, 2011, aka cika tituna da allunan talla. Da ranar ta wuce ya matsar da ita zuwa 21 ga Oktoba. A 2012 ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure, ya kira abin da ya yi zunubi. Kaɗan ne cikin masu sa rana suka yi wannan. Yawanci cewa suke yi abin ya faru "a ruhaniya", ko kuma an ɗan yi kure a lissafi, ga sabuwar rana.

Cocin Katolika ta gaji da wannan tun da daɗewa. A 1516 babban taronta na Lateran na biyar ya hana masu wa'azi sa ranar zuwan Magabcin Almasihu, babban mayaudarin da ake cewa zai zo kafin ƙarshe, ko ranar shari'a.

Amma yaƙe-yaƙe, yunwa, annoba da girgizar ƙasa fa? Ba su ne alamun da ya faɗa ba?

Ya ambace su, amma a duba abin da ya ce game da su. A Matiyu 24:6 ya ce za ku ji labarin yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, kada hankalinku ya tashi, dole ne haka ta faru, amma ƙarshen tukuna. A aya ta 8 ya kira su mafarin naƙuda. Wato ayar da ake ɗauka a tsorata mutane, an faɗe ta ne don a kwantar musu da hankali. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki.

Kowane zamani ya ga nasa ya ce ba a taɓa yin irinsa ba. Da aka ci birnin Roma da yaƙi a shekara ta 410, masu bi da yawa sun ce duniya ta zo ƙarshe. Tsakanin 1347 da 1351 annoba ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, har aka rasa masu binne gawa a wasu garuruwa. In da akwai waɗanda suka cancanci cewa "ga shi nan ya zo", su ne. Girgizar ƙasar Lisbon ta 1755 ta auku ne ranar idin tsarkaka, majami'u cike da mutane. Ga yaƙin duniya na ɗaya, da murar 1918, da yaƙin duniya na biyu.

Game da girgizar ƙasa, hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ce manyan girgiza, masu maki 7 zuwa sama, kusan 15 ake samu a shekara, kuma adadin bai sauya sosai ba tun da aka fara ajiye lissafi. Abin da ya ƙaru shi ne na'urorin awo, da wayar da ke kawo maka hoton a tafin hannu kafin ƙura ta lafa.

Akwai alama guda da Yesu ya ɗaura kai tsaye da ƙarshe: za a yi shelar bisharar Mulki a duk duniya shaida ga dukan al'ummai, sa'an nan ƙarshen ya zo (Matiyu 24:14). Ko ita ma ba ta zama agogo ba, don ba wanda aka ba wa ma'aunin da zai ce yau an kammala. Bulus ma tun a zamaninsa ya rubuta wa Kolosiyawa cewa an yi shelar bishara ga dukan halitta a ƙarƙashin sama.

Ya ce "zamanin nan ba zai shuɗe ba sai duk waɗannan sun faru." Ai wancan zamanin ya shuɗe. Yaya ke nan?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a shafin nan, kuma ba a kyauta ba in aka kauce mata. Sai an koma farkon surar, wato Matiyu 24. Almajirai suna nuna wa Yesu gine-ginen Haikali, ya ce ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa. Da suka zauna a Dutsen Zaitun suka yi masa tambaya a haɗe: yaushe wannan zai faru, kuma mece ce alamar zuwanka da ta ƙarshen zamani? A ganinsu abu ɗaya ne. Amsar tasa ta taɓa duka biyun.

Kimanin shekara 40 bayan wannan magana, Yahudawa suka yi wa Roma tawaye a shekara ta 66. A shekara ta 70 Titus, ɗan sarki Vespasian, ya kewaye Urushalima, ya ci ta, aka ƙone Haikali. Wanda ya je birnin yau zai ga tulin manyan duwatsu a gindin katangar yamma, inda sojoji suka turo su daga sama suka farfasa daɓen titin da ke ƙasa. A Roma kuma, jikin ƙofar nasara ta Titus, an sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin Haikali mai rassa bakwai. Luka 21:20 ya ce in kun ga sojoji sun kewaye Urushalima ku gudu zuwa duwatsu, kuma masanin tarihin Ikkilisiya Eusebius ya ce masu bi sun fice zuwa garin Pella a hayin Urdun.

Daga nan ne fassara ta rabu. Wasu sun ce "duk waɗannan" na nufin rushewar Haikali, ta kuwa faru a idon mutanen da suka ji maganar, sa'an nan daga aya ta 36 ya koma zancen "wannan rana" da ba wanda ya sani. Wasu sun ce zamanin da ake nufi shi ne wanda zai ga alamun ƙarshe. Wasu sun ce kalmar na nufin al'ummar Yahudawa. Ni na farkon ya fi kwanta mini, domin duk inda Yesu ya ce "zamanin nan" a Matiyu, mutanen da ke gabansa yake nufi.

Muna cikin kwanaki na ƙarshe?

A yaren Sabon Alkawari, e, tun ranar Fentikos. Bitrus ya tsaya ya ce abin da annabi Yowel ya faɗa game da kwanaki na ƙarshe shi ne wannan da kuke gani (Ayyukan Manzanni 2:16-17). Ibraniyawa 1:2 ta ce a kwanakin nan na ƙarshe Allah ya yi mana magana ta wurin Ɗansa. Kwanaki na ƙarshe su ne duk tsawon lokacin da ke tsakanin zuwansa na fari da na biyu.

Mece ce fyaucewa, kuma kowane Kirista ne ya yarda da ita?

Kalmar ta fito daga 1 Tasalonikawa 4:16-17: Ubangiji zai sauko da kira mai ƙarfi da ƙahon Allah, matattu cikin Almasihu su fara tashi, sa'an nan mu da muka rage a ɗauke mu tare da su cikin gajimare mu tarye shi. Wannan kam ba mai gardama a kai. Inda gizo ke saƙar shi ne: wannan ɗaukewa dabam take da dawowarsa a bayyane, ko abu ɗaya ne?

Koyarwar da ta ce za a ɗauke masu bi a ɓoye, a bar duniya cikin tsanani na shekara bakwai, sa'an nan ya dawo a sarari, ta yaɗu ne ta hannun John Nelson Darby daga shekarun 1830, sai Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya kai ta gidaje da makarantun tauhidi. Shekara bakwai ɗin daga bakwai na ƙarshe cikin bakwai saba'in na Daniyel 9 aka ɗauko su. Majami'un bishara da na Fentikos da yawa suna riƙe da wannan. Katolika, da Otodoks, da Lutheran, da yawancin majami'un da suka bi John Calvin, malamin Furotesta, ba su koyar da haka. A wurinsu zuwa ɗaya ne, kowane ido zai gani. Sukan ce abin da aka yi da ƙaho da muryar babban mala'ika ba a kira shi ɓoyayye. Sukan kuma nuna cewa kalmar "tarya" a Helenanci ita ce aka yi amfani da ita a Ayyukan Manzanni 28:15, inda 'yan'uwa suka fita bayan gari suka taryi Bulus suka rako shi cikin Roma.

Mulkin shekara dubu fa?

A wuri ɗaya kawai aka ambace shi, Wahayin Yahaya 20, sau shida cikin ayoyi shida. Masu bi sun kasu uku. Akwai masu cewa Almasihu zai dawo tukuna ya yi mulki a duniya shekara 1,000. Justin Martyr da Irenaeus, malaman Ikkilisiya a ƙarni na 2, suna cikinsu. Akwai masu cewa dubun alama ce ta mulkin da yake yi yanzu daga sama ta wurin Ikkilisiyarsa. Augustine, malamin Ikkilisiya da ya rasu a 430, shi ya ƙarfafa wannan koyarwa, kuma ita ta rinjaya fiye da shekara dubu. Na uku sun ce bishara za ta yi ta nasara har duniya ta gyaru, sa'an nan ya dawo. Wannan ta yi tashe a ƙarni na 18 da na 19, yaƙin 1914 ya karya mata gwiwa.

Abin da duka ukun suke furtawa tare shi ne na Ƙa'idar Bangaskiya ta Nikiya: zai sake dawowa cikin ɗaukaka ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, mulkinsa ba shi da iyaka. Ba a sa jadawali a ciki ba.

Wane ne Magabcin Almasihu? Kuma 666 ɗin nan?

Mutane kan yi mamaki in aka ce musu kalmar ba ta cikin Wahayin Yahaya ko sau ɗaya. A wasiƙun Yahaya na fari da na biyu kaɗai take, can kuma ya ce kun ji yana zuwa, ga shi ma magabta da yawa sun riga sun zo, yana nufin masu musun cewa Yesu shi ne Almasihu. Bulus yana da "mutumin zunubi" a 2 Tasalonikawa 2, Wahayi 13 yana da dabba. Kiristoci da yawa sun haɗa ukun suka ce mutum ɗaya ne da zai bayyana gab da ƙarshe. Wasu sun ce hoton duk wata gwamnati ce da ke neman a yi mata sujada.

A Helenanci da Ibrananci haruffa su ne lambobi, don haka kowane suna yana da jimla. In aka rubuta "Neron Kaisar" da haruffan Ibrananci, jimlar 666 ce. In aka bi yadda ake faɗarsa a Latin, ba "n" ta ƙarshe, sai ta koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafe-kwafen Wahayi da ke ɗauke da 616 ɗin. Nero shi ne sarkin da ya ɗora wa Kiristoci laifin gobarar Roma a shekara ta 64 ya karkashe su. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ko da yake ba kowa ya karɓa ba. Irenaeus, wanda ya san batun 616 ya kuma ƙi shi, ya gargaɗi mutane tun wajen shekara ta 180 cewa sunaye da yawa suna iya ba da lambar, gara a jira da a yi ta canka.

Ba a ji gargaɗinsa ba. An ce Paparoma ne (Luther ma ya faɗa), an ce Napoleon, an ce Hitler, an ce Gorbachev saboda tabon da ke goshinsa. Alamar dabbar kuwa an ce layukan da ke jikin kayan kanti ne, an ce katin banki, an ce allurar rigakafi. Amma a Wahayi alamar tana tafiya ne da yi wa dabbar sujada, kuma a sura ta 14 mutanen Ɗan Ragon, wato Almasihu, su ma suna da suna a goshinsu. Zancen na wa kake ne. Ba abu ba ne da za a liƙa wa mutum a layin asibiti bai sani ba.

Kafuwar Isra'ila a 1948 cikar annabci ce?

Masu bin koyarwar Darby da yawa sun ce e. Sun ɗauki itacen ɓaure na Matiyu 24:32 a matsayin Isra'ila, tohonsa kuma 14 ga Mayu, 1948. Wasu suka ce zamani ɗaya shekara 40 ne, 1988 ke nan. Da ta wuce aka koma ƙirga daga 1967, shekarar da Isra'ila ta karɓe gabashin Urushalima, aka kuma tsawaita zamani zuwa 70 ko 80. Luka kuwa da ya kawo misalin cewa ya yi "ɓaure da dukan itatuwa", abin da ke nuna zancen toho ne da sauyin yanayi kawai. Sauran Kiristoci, har da yawancin Kiristocin Falasɗinu da Lebanon, suna ganin alkawuran sun cika a cikin Almasihu, kuma abin da Romawa 11 ke sa rai shi ne Yahudawa su juyo gare shi, ba kafa ƙasa ba. A nan ina roƙon a yi hattara, domin wannan fassara ba a takarda take tsayawa ba, akwai rayukan mutane a ƙarƙashinta.

Harmagedon wuri ne na gaske?

Sunan ya fito sau ɗaya, Wahayi 16:16, ma'anarsa tudun Magiddo. Magiddo tsohon gari ne a arewacin Isra'ila da aka sha yaƙi a filinsa, can aka kashe sarki Yosiya a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu. Ko za a gwabza a can ne, ko sunan alama ce, an rabu.

Wannan daidai yake da abin da Musulmi ke faɗa kan Dujal da saukowar Annabi Isa?

Akwai kamanni: mayaudari babba kafin ƙarshe, dawowar Isa, Yajuju da Majuju (Gog da Magog a Ezekiyel 38 da Wahayi 20), da cewa Allah kaɗai ya san sa'ar. Bambancin yana kan wane ne mai dawowar. Kirista yana jiran wanda aka gicciye, ya tashi, zai kuma zauna a kujerar shari'a. Musulunci bai karɓi gicciyewar ba, yana kuma ɗaukarsa annabi.

Wani ya ce an nuna masa ranar a mafarki. Me zan yi?

Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba da gwaji: in annabi ya faɗa bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, kada a ji tsoronsa. Amma ba sai ka jira ranar ba, tun da Yesu ya riga ya ce ba a sani ba. Bulus ya gaya wa Tasalonikawa kada su rikice ko ta wurin ruhu, ko magana, ko wasiƙar da aka ce daga gare shi take. A wasiƙar nan ce kuma ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Ka lura musamman in zancen ya kai ga "sayar da abin da kake da shi ka kawo." A Kanungu ta ƙasar Uganda wata ƙungiya ta ce duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da dukiyarsu suka miƙa wa shugabanni. Da shekara ta juya ba abin da ya faru, ranar 17 ga Maris, 2000, aka rufe ɗaruruwa a cikin ɗakin sujada aka cinna wuta. Da gawawwakin da aka tono daga baya a gidajen ƙungiyar, mamatan sun haura 700.

Daga ina zan fara karatu da kaina?

Markus 13. Aya 37 ce kawai, ka karanta ta a zama ɗaya, ka ja layi duk inda ya ce ku kula ko ku zauna a faɗake. Sai 1 Tasalonikawa 4 da 5, da 2 Bitrus 3, inda aka amsa wa masu ba'a cewa jinkirin haƙuri ne, don Allah ba ya so kowa ya hallaka. Daga nan Daniyel, da Ezekiyel, da Zakariya, domin kusan duk hotunan da ke Wahayi daga wurinsu aka ɗauko. Wahayi ya zo a ƙarshe. In ya yi maka wuya, ba kai kaɗai ba ne: Calvin ya yi sharhin kusan dukan Sabon Alkawari amma bai yi na Wahayi ba, yawancin majami'un Otodoks kuwa har yau ba su sa shi cikin jerin karatun sujadarsu ba.